Buhun Taki Ba Ya Raya Matacciyar Ƙasa: Magana Kan Gonakin Bagudo

Manomin Ƙaramar Hukumar Bagudo, a Illo yake ko Lolo, a Tsamiya ko Kaoje, ya fi kowa sanin cewa farashin abin da yake saye da na abin da yake sayarwa ba a hannunsa suke ba. A watan Agustan 2019 gwamnatin tarayya ta rufe iyakoki, shinkafar gida ta yi daraja, kowa ya ruga fadama. A watan Fabrairun 2022 yaƙi ya ɓarke tsakanin Rasha da Yukren, kuɗin taki ya tashi a duniya baki ɗaya. Ranar 29 ga Mayun 2023 aka cire tallafin man fetur, injin ban-ruwa ya fara cinye ribar noman rani, bayan 'yan makonni kuma aka saki naira ta faɗi a gaban dala da sefa. A tsakiyar 2024 aka sanar da ɗage harajin shigo da wasu kayan abinci na kwana 150, daga baya kuɗin shanshera ya sauko, buhun yuriya kuwa ya ƙi sauka. Duk waɗannan hukunce-hukunce a Abuja da wasu manyan birane aka yanke su, amma a bakin iyaka, inda kaya ke shiga da fita dare da rana, zafinsu ya fi saurin isowa. Abu guda ne ya rage wanda manomin ke da cikakken iko a kansa, shi ne lafiyar ƙasar gonarsa. Ra'ayina shi ne a nan ya kamata ya zuba ƙarfinsa, a nan kuma ya kamata gwamnati ta karkata wani kaso na kuɗin da take kashewa kan noma, domin ƙasa mai rai ita ce ke sa buhun taki ya biya kuɗinsa.

Abin da ake kira noman raya ƙasa ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa da Dendi da Borgu. Shi ne a mayar wa gona wani abu daga abin da ta bayar, kara ne ko kashin dabbobi ko shara. A daina barin ta tsirara a rana da iska. A riƙa sauya shuka tsakanin hatsi da dangin wake. A bar itatuwa masu amfani su tashi a cikinta. A kuma rage yawan birkita ta ba gaira ba dalili. Abin da ya sa hakan ke da muhimmanci yana cikin yanayin ƙasarmu ne. Yawancin ƙasar tudu a wannan yanki na Afirka ta Yamma rairayi ne ya fi yawa a cikinta, ɗan yumɓun da ke ciki kuma ba irin mai riƙe sinadari sosai ba ne. Abin da ke riƙe ruwa da abincin shuka shi ne ruɓaɓɓen ganye da saiwa da kashi, wanda ke ba ƙasa duhu da laushi, kuma a galibin gonakin da aka daɗe ana nomawa bai kai kashi 1 cikin 100 ba. Idan wannan ya ƙare, zuba yuriya ya zama kamar ɗiban ruwa a kwando: ruwan sama na farko mai ƙarfi ya wanke wani kaso zuwa ƙasa can inda saiwa ba ta kaiwa, rana ta kwashe wani zuwa sama, shuka ta sami ragowar. Manomi ya ga masararsa ta yi ɗorawa bayan ya zuba buhu biyu, sai ya ce an sayar masa da jabu. Wani lokaci gaskiya ne jabun ne. Sau da yawa kuwa takin lafiyarsa lau, gonar ce ba ta iya riƙewa.

Wannan magana tana da hujja, kuma hujjar daga gida take. Tun 1950 aka keɓe wasu filayen gwaji a Samaru ta Zariya, inda Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Jami'ar Ahmadu Bello take a yau, ana zuba wa wasu kashin shanu, wasu takin zamani, wasu duka biyun, wasu kuma ba a ba su komai, shekara bayan shekara. Abin da ya bayyana shi ne filayen da aka riƙa ba takin zamani zalla, musamman mai naitirojin, ƙasarsu ta yi tsami kuma ruɓaɓɓen abin da ke cikinta ya ragu, waɗanda aka haɗa wa da kashi kuwa sun fi riƙe ƙarfinsu. A Saria ta Burkina Faso an fara irin wannan gwaji kan dawa a 1960, aka ga takin zamani shi kaɗai yana ɗaga amfani a farkon shekaru sannan ya fara zubewa, alhali inda aka haɗa shi da takin gida amfanin ya ɗore. A Sadoré kusa da Yamai, masu binciken cibiyar ICRISAT sun nuna cewa gero ya fi bayarwa nesa ba kusa ba idan aka bar kara a gona aka kuma sa taki, fiye da idan aka yi ɗaya aka bar ɗaya. Ga kuma shaidar manoman karkarar Kano, waɗanda mai bincike Michael Mortimore ya shafe shekaru yana nazari a kansu: mutane cunkushe, ba filin da za a bari ya huta, amma suka riƙe gonakinsu zuriya bayan zuriya da takin awaki da tumaki, da harawar wake da gyaɗa, da sharar birni da jakuna ke kai wa gona a mangala. Wurare huɗu, amsa guda.

Ƙasar Bagudo iri biyu ce, kowace da ciwonta. Akwai fadamar bakin Kwara mai laka, inda shinkafa ke sarauta, musamman tun ranar 17 ga Nuwamban 2015 da Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da shirin bashin manoma na Babban Bankin Najeriya a Jihar Kebbi. Shirin ya kawo iri da taki da injuna, masana'antun casa irin su Labana a Birnin Kebbi da WACOT a Argungu suka buɗe baki suna neman shanshera, gonaki da yawa suka koma shinkafa kan shinkafa, rani da damina. Abin da shirin bai tambaya ba shi ne makomar karan shinkafar bayan an yi bugu. Binciken cibiyar shinkafa ta duniya da ke Filifin ya nuna cewa kusan kashi 40 cikin 100 na naitirojin da shinkafa ta sha, da fiye da kashi 80 na fotashiyam, a cikin kara suke zama, ba a cikin ƙwaya ba. Hekta ɗaya da ta ba da tan huɗu na shanshera takan bar kara kusan nauyin haka, kuma fotashiyam ɗin da ke cikinsa ya haura wanda ke cikin buhu goma na kamfa 20:10:10. Idan aka cinna masa wuta, naitirojin ya tashi da hayaƙi, abin da zai ruɓe ya raya ƙasa ya ƙone, fotashiyam ya taru a tokar wuri guda inda aka tara dami. Idan aka kwashe shi aka sayar, duka sun tafi. Manomin ya dawo kasuwa ya sayi abin da ya ƙona da hannunsa. Ba na cewa a binne ɗanyen kara a cikin ruwa ana gobe dashe, domin hakan na danne shuka a makonnin farko. A ba shi lokaci ya ruɓe bayan girbi, ko a tara shi da kashi da toka a rami, ko a ciyar da shanu da shi a mayar da kashinsu gonar da ya fito. Haka nan batun ruwa: barin kwamin shinkafa ya ɗan tsane kafin a sake ba shi ruwa, maimakon a riƙe shi cike kullum, yana iya rage ruwan da ake ja da kusan kashi 30 cikin 100 ba tare da amfani ya ragu ba in an kiyaye lokacin fure. Ga mai sayen fetur a galan, wannan kuɗi ne a aljihu.

A tudu, wajen Kaoje da hanyar Tsamiya, labarin dawa da gero da masara ne, kuma alamar gajiyar ƙasa kowa ya san ta: wuta-wuta. Wannan ciyawa mai jan fure tana maƙale wa saiwar hatsi ta tsotse shi tun kafin ta leƙo sama, tana zubar da dubban ƙwayoyin iri da ke iya kwana shekaru a ƙasa, kuma ta fi ƙarfi a gonar da ta rame. Feshi ba ya gama da ita. Abin da ke rage ta shi ne ƙasa ta yi ƙiba, a kuma sauya shuka. Wasu irin waken soya da gyaɗa da auduga suna sa irin wuta-wutar dawa ya tsiro, ya rasa saiwar da zai kama, ya mutu. Ga ƙari kuma, dangin wake suna ɗauke da wasu ƙananan halittu a kumburin saiwarsu masu jawo naitirojin daga iska, shi ya sa masarar da ta biyo bayan waken soya ko gyaɗa ta fi wadda ta biyo bayan masara. Suna buƙatar ɗan takin sufa kafin su yi wannan aiki sosai, kuma nan ne kuɗin taki ya fi yin riba. Sai maganar itace. Kaɗanya da ɗorawa da ake sarewa a yi gawayi, buhunsa ana sayar da shi sau ɗaya ne, itacen kuwa yana ba mata man kaɗanya da kalwar daddawa kowace shekara, ganyensa na zuba, saiwarsa na riƙe ƙasa. Gaskiya ne hatsi ba ya yin kyau sosai a ƙarƙashin inuwar ɗorawa, amma maganin wannan sassabe rassa ne, ba kayar da uwa ba. Masu aikin ruwa a Kainji sun daɗe da sanin cewa Kwara na cika sau biyu: farin ruwa na damina mai ɗauke da laka, da baƙin ruwa mai zuwa daga tsaunukan Gini da sanyi, wanda ya riga ya tace a hanya. Wannan laka ta farin ruwa saman gonakin tudu ce, ta nan da ta maƙwabta. Rufe ƙasa da kara da jera duwatsu a kan gangare ba za su tare ambaliya irin ta 2020 ba, wadda ta shafe ɗaruruwan dubban hekta na shinkafa a Kebbi, amma za su hana ruwan da ya sauka a gonar mutum ya tafi da gonar.

Tsallaken iyaka akwai darasi iri biyu. Yankin Alibori na Jamhuriyar Benin, daga Segbana zuwa Kandi da Banikoara, shi ne cibiyar audugar da ta sa ƙasar ta shiga sahun gaba a Afirka. Manomin auduga a can yana samun taki bashi ta hanyar ƙungiyarsa cikin tsari da namu manomin zai yi sha'awa, duk da haka ƙasar ta gaji har sai da aka kawo shirin ProSOL na haɗin gwiwa da Jamus, wanda ya yi aiki a Alibori da Borgou da wasu yankuna yana koyar da barin kara ba ƙonawa, da shuka dangin wake, da haɗa takin gida. Wato samun taki a kan lokaci bai wadatar da su ba. Darasi na biyu ya fi ɗaci. A ƙarshen shekarun 1980 an gabatar wa manoman kudancin Benin wani wake mai yaɗo da ake kira mukuna, wanda ke lulluɓe gona ya kashe tofa ya kuma ƙara wa ƙasa ƙarfi. Dubban manoma suka karɓa a shekarun 1990, musamman lokacin da ƙungiyoyi ke sayen irinsa. Da sayen irin ya ja baya, da yawa suka bari, domin ƙwayarsa ba ta ciyuwa cikin sauƙi, kuma talaka ba ya ba da gonarsa damina guda ga abin da ba ya shiga tukunya. Duk wanda zai kawo wa Bagudo shirin raya ƙasa ya riƙe wannan: a fara da wake da gyaɗa da waken soya, masu ba da abinci da harawa da kuɗi a shekarar da aka shuka su.

Masu suka suna da maganganu, kuma ba na banza ba ne. Na farko za su ce matsalar Afirka ƙarancin taki ce, ba yawansa ba. Shugabannin nahiyar sun taru a Abuja a 2006 suka sa burin kilo 50 a kowace hekta, har yau yawancin ƙasashe ba su kai ba. Za su kuma tuna mana Siri Lanka, wadda ta haramta shigo da takin zamani a watan Afrilun 2021, noman shinkafa ya faɗi, gwamnati ta janye dokar kafin shekarar ta ƙare. Na yarda da su ɗari bisa ɗari, kuma lissafi ma yana bayansu: buhun yuriya mai kilo 50 yana ɗauke da kilo 23 na naitirojin, wanda sai an tara kusan tan biyu na busasshen kashin shanu kafin a sami kwatankwacinsa, kuma babu shanun da za su wadatar da dukan gonakin Bagudo. Duk mai cewa a jefar da buhu a koma kashi zalla yana kiran yunwa ne. Sai dai gwajin Samaru da na Saria ba su ce a zaɓi ɗaya ba, sun ce a haɗa. Su kansu shugabannin Afirka da suka sake taruwa a Nairobi a watan Mayun 2024, taken taron nasu ya haɗa taki da lafiyar ƙasa, abin da ke nuna cewa shekaru goma sha takwas na bin adadin buhu kawai sun koya musu wani abu.

Suka ta biyu ta fi nauyi, domin daga cikin gida take fitowa. Kara ba shara ba ne a wurinmu. Karan dawa shi ne danga da zana da makamashin girki, harawa kuɗi ce a kasuwa da bazara, karan shinkafa shi ne abin da ke riƙe shanu kafin ruwa ya sauka. Wanda ya bar kara a gona kuma ya san wani zai kwashe, ko garke ya shiga ya cinye, ko mai farautar gafiya ya sa wuta. Wannan gaskiya ce, kuma ita ce ta kayar da shirye-shirye da yawa da aka kwaso daga ƙasashen da ba su da rani mai tsawon wata bakwai. Amma a duba da kyau: saniyar da ta ci kara ba ta ɓatar da shi ba, ta sarrafa shi ne, tambayar kawai ita ce a ina za ta zubar. Iyayenmu sun warware wannan tun da daɗewa. Bayan girbi manomi kan gayyaci Bafulatani ya sauka a gonarsa, shanu su ci kara su kwana a wurin, a riƙa matsar da makwancinsu daga wannan gefe zuwa wancan, manomi ya ba da damin hatsi, matan ruga su kawo nono. Bagudo, inda Fulani suke 'yan gida tun kaka da kakanni a garuruwa irin su Kaoje, tana da duk abin da wannan ma'amala ke buƙata. Abin da ya lalata ta shi ne cinye burtali da mashaya, da noman rani da ya rufe fadamar da shanu ke sauka, da rashin tsaro da ya sa kowa ke zargin kowa, sannan Benin ta hana shigar garkunan ƙetare tun ƙarshen 2019, abin da ya ƙara matsi a wannan gefe. Saboda haka sulhun manomi da makiyayi a wannan yanki har da maganar taki a cikinsa. Uban ƙasar da ya tsayar da ranar sakin gonaki, ya kare burtali, ya sa aka biya ɓarna da adalci, ya yi wa ƙasar noma aikin da tirelar kamfa ba za ta yi ba. Kuma ba dole ne a bar kara duka ba. Ko kashi ɗaya cikin uku aka shimfiɗa a wuraren da suka fara zama fako, gara za ta ja shi ciki ta huda ƙasar, ruwa ya sami hanyar shiga.

Suka ta uku ita ce lokaci. Ƙasa ba ta farfaɗowa a damina ɗaya, mai iyali kuma ba ya iya jiran shekara uku. Mafi muni, mai noma gonar aro ko haya ya san in ya kashe kansa ya gyara ta, mai ita zai karɓe ko ya ƙara kuɗi, don haka yakan tatse ta ne ya tashi. A nan labarin Maraɗi yana da amfani. A 1983, a can, wani mai suna Tony Rinaudo ya lura cewa kututturan da manoma ke sassabewa kowace shekara suna da rai, kuma in aka zaɓi reshe ɗaya ko biyu aka bari, itace zai tashi da sauri fiye da dashe. Sassabin zamani, kamar yadda ake kiransa a can, ba ya cin ko sisi, amma bai bazu sosai ba sai da manoma suka tabbata cewa itacen da suka raina nasu ne, ma'aikacin gandun daji ba zai ci su tara a kansa ba. Daga nan aka kai ga kimanin hekta miliyan 5 da itatuwa kusan miliyan 200 a kudancin Nijar, gawo a kan gaba, wanda ke zubar da ganye da damina ya bar hatsi ya sha rana. Abin da ya motsa mutane shi ne tabbacin cewa wahalarsu ba za ta tafi ga wani ba. Wannan tabbaci ana iya samar da shi a Bagudo ba tare da jiran gyaran Dokar Amfani da Filaye ta 1978 ba: yarjejeniyar haya a rubuce ta shekara biyar, a gaban hakimi da shaidu, da sharaɗin cewa wanda ya zuba takin gida zai ci moriyarsa ko a biya shi.

Kuɗin yin wannan aiki ma akwai su a takarda. Kebbi na cikin jihohin Arewa 19 da ke cin gajiyar shirin ACReSAL, wanda Bankin Duniya ya amince masa da dala miliyan 700 a watan Disambar 2021 don farfaɗo da ƙasar da ta lalace, tana kuma cikin jihohi 11 na shirin Babbar Koriyar Ganuwa. Jihar na da hukumar raya aikin gona ta KARDA, da jami'ar kimiyya da fasaha a Aliero, da jami'ar aikin gona ta tarayya a Zuru. Abin da nake nema daga gare su ba ya buƙatar biki. A auna ƙasar gundumomin Bagudo, fadama da tudu, a gaya wa manomi da Hausa da Fulatanci da Dendi abin da gonarsa ta rasa, maimakon a ba kowa kamfa iri ɗaya. Duk inda za a raba taki mai rangwame, a haɗa da irin wake ko gyaɗa ko waken soya da ɗan sufa. A taimaka wa ƙungiyoyin manoma da amalanken shanu, domin abin da ke hana takin gida isa gona mai nisa sau da yawa rashin abin ɗauka ne. A kowace gunduma a sami gonar gwaji a bakin hanyar kasuwa, a raba ta biyu, gefe ɗaya buhu zalla, gefe ɗaya buhu da takin gida da sauyin shuka, a riƙe ta haka shekara huɗu, a auna abin da kowane gefe ya bayar a gaban jama'a, a kuma faɗi abin da aka kashe a kowanne har da kuɗin leburori. Malaman gona da za su tsaya kan wannan aiki a ba su babura da mai, a biya su a kan lokaci, a kuma bar su a gundumar har gwajin ya kammala.